Abin da ya sa fentin injin nan ya ɓare

Ka ce mini: "Maigida, fenti mai jure zafi na saya, wanda ya fi kowanne lamba a jikin gwangwani, na feshe injin tsohon babur ɗin nan har sau huɗu. Ko sati biyu bai yi ba ya fara tashi kamar ɓawo, inda fetur ya ɗiga kuma ya narke. Fentin ne jabu?"

Zauna, yarona. Na je na duba injin, na sa farce na ɓanɓaro fentin, na shinshina bayansa. Warin baƙin mai yake yi. Fentin ba jabu ba ne. Bai taɓa kama ƙarfen ba tun ranar farko, a kan maiƙo ya kwanta.

Abin da ba a gani da ido shi ne, alminiyon da aka yi zubinsa yana da ƙananan ƙofofi, kuma injin da ya yi shekara arba'in ko hamsin yana aiki ya sha mai ya ƙoshi. Ka wanke shi da kalanzir ya yi fes a idonka, amma da ya ɗauki zafi sai man da ke ciki ya tsatso kamar gumi, ya ɗaga fentin daga ƙasa. Kalanzir ɗin ma da kansa yana barin maiƙo. Shi ya sa wankin inji hawa-hawa ne. A fara da kalanzir da buroshi a kankare dattin da ya daskare a tsakanin haƙarƙarin silinda, wato siraran fikafikan ƙarfen nan da ke jere a jikinta. A bi da ruwan zafi da sabulu mai yanke maiƙo, a ɗauraye, a busar. Daga nan sai a ɗumama ƙarfen, ya yi zafin da hannu ba zai iya daɗewa a kai ba, ka tsaya ka kalla. Za ka ga wurare suna yin duhu-duhu suna sheƙi, man ne yake fitowa. Ka goge da tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, da farin ƙyalle mai tsabta, ka sake ɗumamawa, ka sake gogewa, har sai ƙyallen ya fito fari kamar yadda ya shiga. Wani injin sau biyu ya isa, wani sai sau biyar. Bayan gogewar ƙarshe kada ka ƙara taɓa shi da tafin hannu, domin maiƙon yatsa kaɗai yana hana fenti kamawa.

Abu biyu nake roƙonka kada ka kusantar da su ga alminiyon. Na farko soda mai ƙuna: tana cin alminiyon, ta bar shi baƙi da ramuka, kuma ba ya dawowa. Na biyu buroshin waya na baƙin ƙarfe: yana barin ɓurɓushinsa a jikin alminiyon, bayan 'yan watanni ka ga ɗigon tsatsa a wurin da bai kamata ya yi tsatsa ba. Ka nemi na tagulla ko na roba mai tauri. Feshin yashi kuwa yana fitar da aiki da kyau, amma ni ba na yarda a yi wa injin da ba a wargaza shi ba. Ƙwayar yashi kaɗan ta shiga hanyar mai, ta isa ta cinye boris da fistin, kai kuma kana can kana murnar kwalliya.

Yanzu maganar lambar da ta ruɗe ka. Inji ba zafinsa ɗaya ba daga sama har ƙasa. Akwatin ƙasa, inda mai yake kwance, zafinsa bai cika wuce na tafasasshen ruwa da yawa ba. Kan silinda na injin da iska ke sanyaya shi yakan kai wajen digiri 200 a ma'aunin Salshiyas. Bakin salansa kuwa, daidai inda ya fito daga kan silinda, yana iya haura digiri 500. Saboda haka fentin iri biyu ne. Akwai na jikin inji, wanda yawanci yake jure digiri 260, shi ne za ka ga an rubuta 500 a gwangwanin da ya zo da ma'aunin Amurka. Akwai kuma na salansa, mai jure digiri 650 ko fiye. Kai na salansa ka ɗauko, kana ganin babbar lamba ita ce babban inganci. To shi wannan fentin ba ya ƙosawa sai ya gasu da wuta mai tsanani, irin wadda akwatin inji ba zai taɓa kaiwa ba. Sai ya zauna ɗanye, ya bushe a ido amma cikinsa da laushi, fetur na taɓa shi ya narke. Abin da ka gani a ƙarƙashin kafireta ke nan. Na jikin inji an yi shi ne don ya jure mai da fetur a zafi matsakaici, shi ne ya dace da wurin.

Sau huɗun da ka fesa ma ya ƙara ɓata lamarin. Haƙarƙarin nan da ke jikin silinda ba ado ba ne, ta nan injin yake zubar da zafinsa ga iska. Fenti siriri ba ya hana shi, amma in ka lafta mai kauri ka lulluɓe shi da bargo. Kuma ƙarfe yana buɗewa in ya yi zafi, ya tsuke in ya huce. Alminiyon yana wannan motsi kusan ninki biyu na ƙarfen zubi, wato baƙin ƙarfen da aka narka aka zuba. Fenti mai kauri ba ya iya bin sa, sai ya tsage, kuma ka san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ruwa ya bi ta tsagar, ya shiga ƙarƙashi, ya ɗago sauran.

Kafin ka fesa, ka san irin ƙarfen da ke gabanka. Ɗauko maganaɗisu ka manna: in ya kama, ƙarfen zubi ne, in bai kama ba, alminiyon ne. Tsofaffin baburan Ingila da yawa, irin su BSA da Triumph, silindarsu ta ƙarfen zubi ce da ake yi wa baƙin fenti, akwatin ƙasa kuma alminiyon ne da ake bari tsirara ko a goge shi ya yi ƙyalli. Baburan Japan na shekarun 1970, kamar Honda CB750 da ta fito a 1969, alminiyon ya fi yawa a jikinsu. Ƙarfen zubi abokin gabarsa tsatsa ce, sai ka kankare ta har ka ga ƙarfe mai haske, ka fesa a ranar, don kwana ɗaya a cikin laima ya isa ta dawo. Alminiyon kuwa santsi ne matsalarsa. Ka bi shi da samfefa mai laushi, lamba 320 zuwa 400, don fenti ya sami abin riƙewa, sannan ka shimfiɗa masa fentin ƙasa siriri, wanda aka yi don alminiyon kuma yake jure zafi. In za ka goge tsohon fenti, ka sa takunkumi, domin wasu fentocin da suna da dalma a ciki.

A nan zan faɗa maka ra'ayina, ko da mai babur ba zai so ba. Murfin gefe da aka yi shi don ya yi ƙyalli, ba na son a binne shi da fenti. Sau da yawa abin da ya sa ya yi rawaya tsohon ruwan sheƙi ne da kamfani ya shafa. A cire shi, a goge, murfin ya dawo da fuskarsa. Tsohon babur da aka shafe komai nasa da launi ɗaya, har noti da waya, darajarsa raguwa take yi a idon wanda ya san abin.

Rufe wuraren da fenti bai kamata ya taɓa ba yana cin lokaci, amma ka yi shi a natse: fuskar da gasket ke zama, ramin fulogi, ƙofar shigar mai da ta fitar hayaƙi, robobin da ke tare mai, da inda wayar ƙasa take ɗaure, don fenti yana yanke wuta. Tsohon fulogi da ya mutu ya isa ya toshe raminsa.

Feshin kansa shi ne mafi sauƙi. Ka girgiza gwangwani minti biyu cikakku, ka tsaya nesa kamar santimita 25, hannunka yana tafiya kafin ka danna. Shafar farko ta zama kamar hazo, ana hango ƙarfe ta cikinta. Ka jira minti goma, ka ƙara ta biyu, sannan ta uku mai ɗan jiƙa. Ka fara da cikin haƙarƙarin, ta sama da ta ƙasa, kafin ka zo fili, in ba haka ba bakinsu zai yi ta tarara ciki kuwa babu komai. Ka karanta gwangwanin a kan tazarar ƙari: yawancinsu in awa ɗaya ta wuce, sai ka haƙura kwanaki, don sabon fenti a kan wanda ya fara bushewa yamutsewa yake yi.

Saura gasa fentin da zafin injin, wanda ka tsallake gaba ɗaya. In an haɗa injin, ka tayar da shi a silo minti goma, ka kashe ya huce minti ashirin. Ka sake tayarwa minti ashirin, ya sake hucewa. Sannan a hau a yi tafiyar rabin awa ba tare da murɗa wuta ba. Zai yi hayaƙi da wari, don haka a fili za ka yi, kada ka tsorata. Kafin a gama wannan, ka tabbata kafireta ba ta ɗiga, ka ɗaura ƙyalle a ƙarƙashinta.

Gobe da safe ka sauke injin, ka cire fentin nan duka har ƙasa, kada ka bar ko inda kake ganin ya kama. In ka zo kan lambar inji ka ajiye samfefa, ka bi ta da tina da buroshi mai laushi kawai, don in ta shafe takardun babur ɗin sun zama matsala. Ka kira ni in ga ƙyallenka na ƙarshe kafin ka buɗe gwangwani.