Likita ya amsa: tumbi, ƙwannafi da gwajin tsokar hanji

Tambaya: Likita dan Allah, tunda tumbi yana narkar da nama me ya hana shi cinye kansa?

Amsa: Majina ce ke ceton sa malam. In ka sa ɗan yankin bangon tumbi a madubin likita hawa huɗu za ka gani, fatar ciki, sai hawa mai jijiyoyin jini, sai tsokar da ke murza abinci, sai wata 'yar fata a waje. Ita fatar cikin nan duk ƙananan ramuka ne a jikinta, can ciki ake yin asid ɗin da ke taimakawa wajen narkar da abinci, su kuma ƙwayoyin halittar da ke sama aikinsu kenan zubo da majina mai kauri haɗe da bikabonet da ke kashe kaifin asid kafin ya iso gare su, kuma ba sa wuce 'yan kwanaki sababbi sun maye gurbinsu. Olsa tana shiga ne in wannan kariyar ta samu matsala, yawanci ko ƙwayar cutar H. pylori ko yawan shan asfirin da ibuprofen. Da can cewa ake damuwa ce ke kawo ta, har sai da wani likitan Ostareliya Barry Marshall ya kwankwaɗi ƙwayar da kansa a 1984 cikinsa ya kamu, a 2005 aka ba su kyautar Nobel shi da abokin bincikensa Robin Warren.

Tambaya: Ni kullum ƙwannafi nake fama, shi ma olsa ce?

Amsa: Ba lallai ba 'yar'uwa. Fatar bututun da ke kai abinci tumbi daban take, ƙwayoyi ne falle-falle a jere kan juna don jure gogar loma, ba ta da irin kariyar tumbi, shi ya sa in asid ya hauro kike jin zafi a ƙirji. In aka ɗau shekaru haka wani lokaci fatar kan rikiɗe ta koma irin ta hanji, to ki daina jiƙa magani da kanki ki je a duba, balle in haɗiya ta fara miki wuya.

Tambaya: An ce za a gutsuri naman hanjina a kai gwaji, wallahi tsoro nake ji.

Amsa: Kwantar da hankalinka, abin da za a ɗauka milimita biyu zuwa uku ne kuma yawanci ba a jin zafin gutsurin. Ƙaramin hanji a madubi kamar gashin tawul yake, 'yan tsirai da kyar suke kai milimita 1, su ke tsotse abinci, in aka shimfiɗa fatar duka za ta kai wajen murabba'in mita 30. A wasu cututtukan tsiran nan kwanciya suke su baje, mutum ya yi ta gudawa yana rama alhali yana ci, wannan kuwa sikanin ba zai nuna ba sai madubi. In kana shan maganin tsinka jini ka faɗa musu tun kafin ranar.