Tambaya da Amsa: Da gaske ne fata na iya komawa zuciya?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya. An koya mana cewa ƙwayoyin halittar jiki duk DNA ɗaya suke ɗauke da shi. To me ya bambanta ta fata da ta zuciya? Kuma da gaske ne ana iya juya wata ta koma wata?

Amsa: 'Yata, Allah ya yi miki albarka, tambayar nan ta yi mini daɗi. Ki ɗauki DNA, wato bayanan gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, kamar kasuwa mai rumfuna wajen 20,000. Kowace ƙwaya tana da kasuwar gaba ɗaya, sai dai ta fata ta buɗe rumfunan da take buƙata ta garƙame sauran, ta zuciya ma ta buɗe nata. Wasu furotin ne ke riƙe da makullan. Su ke hawa kan DNA su ce nan a buɗe, can a rufe.

An daɗe ana zaton rumfar da aka rufe ta rufu har abada. A 1962 John Gurdon a Oxford ya ɗauko cibiyar ƙwayar hanjin ɗan kwaɗo, wato inda DNA ɗinta yake, ya sa ta cikin ƙwan da aka cire wa tasa cibiyar, sai ga talibamban yana iyo. Ashe ba abin da ya ɓata. A 1987 aka gano furotin MyoD, wanda shi kaɗai yake mayar da wasu ƙwayoyi tsoka.

Wanda ya fi burge ni shi ne Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto a Japan. A 2006, da makullai huɗu kacal, Oct4 da Sox2 da Klf4 da c-Myc, ya mayar da ƙwayoyin ɓera baya, suka zama kamar na ɗan tayi, masu iya zama kowane iri. A 2007 ya yi da na mutum, a 2012 shi da Gurdon suka sami kyautar Nobel. Na ga bidiyon ƙwayoyin zuciya da aka samar ta haka, ɗan dunƙule a faranti yana bugawa shi kaɗai. Sai da tsigar jikina ta tashi.

Amma c-Myc yana da hannu a ciwon daji, shi ya sa likitoci ke tafiya sannu. Idan kin fara aiki a asibiti, majinyata za su riƙa nuna miki garin da aka sayar musu wai yana sabunta ƙwayoyin jiki. Ki gaya musu kada su bar maganin likita saboda shi.