Tambaya da Amsa: Zan Iya Haɗa Madubin Na'urar Hangen Taurari a Gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya. Manhajar Stellarium da ke wayata tana nuna min inda Mushtari da Zuhal suke, amma ina so in gan su da idona. Na'urar hangen nesa ta fi ƙarfin aljihuna. Zan iya amfani da madubin ɗaki in haɗa tawa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Madubin ɗaki ba zai yi ba. A shimfiɗe yake, ba ya tara haske wuri guda, kuma abin da ke mayar da hasken yana bayan gilashin ne, sai hoton ya rabu biyu. Madubin da kake buƙata yana da ɗan zurfi a tsakiya, kuma a fuskarsa ake shafa ƙarfen da ke mayar da hasken. Irin na'urar da Isaac Newton ya haɗa a 1668 ke nan, kuma har yau mutane na goge madubinta da hannu a gidajensu.

Ka fara da faɗin milimita 150, wanda zai tara haske a nisan milimita 1200. Kada ka yi kwaɗayin babba a karon farko. Za ka nemi faifan gilashi biyu, kaurin kowanne kamar milimita 25: ɗaya madubi, ɗaya magogi. Ka kafe magogin a kan ganga, ka barbaɗa garin silikon kabaid mai lamba 80, ka yayyafa ruwa, ka ɗora madubin a kai kana turawa gaba da baya. Bayan 'yan turawa sai ka ɗan juya madubin, kai ma ka matsa gefe, kana zagaya gangar. Da kansa na saman zai riƙa zurfi, na ƙasan ya yi tudu. Zurfin da ake nema a tsakiya bai wuce milimita 1.2 ba.

Daga nan sai a sauko zuwa gari mai laushi, 120, sannan 220, har zuwa garin alminiyom oksaid. A nan mutane suka fi yin asara. Ƙwayar gari mai kaushi guda ɗaya idan ta maƙale a farce ko a bakin gangar, za ta ja zane a madubin, ka koma baya. Duk sauyin gari sai ka wanke hannu da kaya da wurin aikin tas.

Matakin ƙarshe shi ne sa shi sheƙi da seriyom oksaid a kan faifan da aka lulluɓe da wani irin kwalta na masu aikin gilashi. Yanayinmu yana da tasiri a nan: zafin bazara na sa kwaltar ta yi laushi ta ɓata siffar madubin, ƙurar hunturu kuma tana yi masa zane. Ka yi aikin da asuba, a ɗaki rufaffe da aka goge da ruwa.

Tambaya: To ta yaya zan san madubin ya yi daidai? Wayata za ta taimaka?

Amsa: Sosai ma. Akwai gwajin da Bafaranshe Léon Foucault ya fito da shi a 1858, kayansa kuwa reza ce da ɗan ƙaramin ƙwan lantarki. Ka jingina madubin a tsaye, ka ajiye ƙwan da rezar gefe da gefe a nisan mita 2.4, wato ninkin nisan tara haskensa. Ka sa ido bayan rezar, kana shigar da bakinta cikin hasken da ya dawo a hankali. Idan zurfin ya tafi bai ɗaya, fuskar madubin za ta dushe gaba ɗaya lokaci guda. Idan akwai tudu ko rami, inuwa za ta tona shi, ko da bai kai kaso ɗaya cikin dubu na milimita ba.

Sai ka sa kyamarar waya a inda idonka yake, ka kulle saitin haske da na fokas don kada ta riƙa gyara wa kanta. Ka ɗauki hoto bayan kowane zama, ka jera su a kwamfuta, za ka ga ko gyara kake yi ko ɓarna.

Shafa alminiyom a fuskar madubin aikin kamfani ne, don a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska ake yi. Akwai masu shafa azurfa a gida, amma ban ba ka shawarar haka ba, domin haɗin sinadarin idan ya jima a ajiye yana iya fashewa. Kafin a shafa ma za ka iya gwada shi a kan wata: gilashi tsura yana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na haske, kuma hakan ya isa ka ga ramukansa.

Tambaya daga wata 'yar'uwa: Ina da ƙaramar na'urar hange, amma hoton watan sama a wayata fari fat yake fitowa.

Amsa: Duhun sama ne ke ruɗin kyamarar, sai ta ƙara haske. Ki taɓa watan a allon wayar, ki ja hasken ƙasa, ki sa ISO, wato saitin ƙarfin karɓar haske, a 100 idan wayar na da saitin hannu. Ki ɗaure wayar a bakin na'urar, ki sa ta jira daƙiƙa uku kafin ta ɗauka don kada hannu ya girgiza ta. Rabin wata ya fi cikakke fito da ramuka. Kada ki taɓa juya na'urar wajen rana, ke ko yara, domin nan take take ƙona ido da kyamara.