Tambaya da Amsa: Me ake nufi da narrative, kuma ina ya bambanta da story?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce ƴar SS3 daga Jega, muna shirin WAEC. Malaminmu na Turanci kullum sai ya ce narrative, narrator, plot, setting, ni kuma wallahi duk labari nake jin su. Don Allah a warware min.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar jarabawa. Ba laifinki ba ne, mu a Hausa labari ɗaya muke cewa ya ɗauke su kusan duka.

Story shi ne abin da ya faru. Narrative kuma shi ne yadda aka ba da shi, wato wa ya faɗa, daga ina ya ɗauko, me ya sa a gaba, me ya tsallake. Asalin kalmar daga Latin take, narrare, ma'ana bayar da labari, daga nan ne narrator ya fito, mai ba da labari kenan, da narration, shi aikin bayarwar.

Ga misali na gida. Kabawa, mutanen Argungu, sun daɗe suna gwabzawa da Gwandu da Sakkwato a ƙarni na 19, har dai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu aka yi masa bikin kamun kifi, wanda shi ne tushen bikin da ake yi yanzu a kogin Matan Fada. To ki zaunar da dattijo a Argungu ya ba ki labarin waɗannan yaƙe-yaƙe, sannan ki je Gwandu ki tambayi wani, yaƙin ɗaya ne, garuruwan su ne dai, amma jarumin wannan shi ne abokin gaban wancan, kuma kowa akwai inda zai tsaya ya ja zance akwai inda zai wuce da sauri. Story ɗaya, narrative biyu. Shi ya sa za ki ji ƴan siyasa a rediyo suna cewa za su canja narrative na jiharsu, nufinsu a sauya irin labarin da ake bayarwa a kanta, ko abin ya sauya a ƙasa ko bai sauya ba, wannan kuma wata magana ce.

Plot shi ne ya fi rikita ɗalibai. A ajin adabin Hausa zubi da tsari ake cewa. In na ce masunci ya ɗauki homa da gora ya shiga ruwa, ya kama giwan ruwa, ya dawo gida hannu rabbana, matarsa ta yi yaji, jero abubuwa kawai na yi. Amma in na nuna miki cewa mai binsa bashi ne ya tare shi a bakin kogi ya karɓe kifin, shi kuma kunya ta hana shi faɗa wa matar, ita kuma ta zaci wata ya kai wa, to nan plot ya samu, don kowane abu ya zama sanadin na gabansa. Rigimar da ke tsakaninsu ita ce conflict, ranar da mai bashin ya zo ƙofar gida asiri ya tonu a gaban surukai ita ce climax, ƙololuwa kenan. In kika fara da yajin sannan kika koma baya kika nuna abin da ya faru a bakin kogi, kin yi flashback.

Sauran masu sauƙi ne. Setting wuri da lokaci, characters taurari, protagonist babban tauraro, antagonist mai adawa da shi, theme jigo. Kada ki ɗauka dole protagonist ya zama mutumin kirki, Gizo ma ai shi ne tauraro a tatsuniya duk da ha'incinsa. Tatsuniyar kanta folktale ce, ƙagaggen labari kuma fiction.

Sai ki lura da muryar mai bayarwa. In da "ni" aka ba da labarin, kamar masuncin da bakinsa, first person ne, kuma bai isa ya gaya mana abin da ke zuciyar matarsa ba. In da "shi" da "ita" ne, third person.

A WAEC, tambayar narrative essay takan zo ne a ce ki rubuta labarin da ya ƙare da wata magana ko ya fito da ma'anar wani karin magana, kalma kamar 450. Inda na fi ganin yara na zubar da maki wuri biyu ne, su ɓata rabin takarda a kan tashi daga barci da wanka da karin kumallo kafin rigimar ta fara, sannan su riƙa tsalle tsakanin past tense da present tense. Ki shiga rigimar tun a sakin layi na farko ko na biyu, taurari kada su wuce uku ko huɗu, kuma ki riƙe past tense har ƙarshe in ba maganar wani kike kawowa kai tsaye ba.