Adakar Hajiya ta cika ɗaki, na kasa rabuwa da ita

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan da rasuwar mahaifiyarmu, kuma da yake ni ce babba, sai aka kwaso kayan ɗakinta aka kawo gidana: adaka biyu cike da zannuwa, da jeren kwalla da tasoshi, da gadonta na ƙarfe. Ga kuma kayan aurena waɗanda rabinsu ban taɓa amfani da su ba cikin shekara 18. Ɗaki guda ya tafi a ajiya, yara biyar suna cunkushe a ɗaya, maigida ya fara ƙorafi. Duk lokacin da na buɗe adakar na ji ƙamshin turarenta, sai in mayar in rufe. Yaya zan yi?
Wata uwa, Ƙofar Marusa, Katsina

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa Aljanna ce makomarta. 'Yar'uwa, kaya iri biyu kika haɗa a ɗaki ɗaya, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Kayan Hajiya gado ne, ko da cokali ne, kuma kasancewarki babba bai ba ki ikon riƙe su ko yin sadaka da su ba. Wannan ya fi cunkoson ɗakin tayar mini da hankali, domin mun saba a raba gida da gona, a bar kayan ɗakin mace a hannun 'ya ɗaya saboda kunya, har shekaru su ja, wani magajin ya rasu da haƙƙinsa a cikin adaka. Ki tara 'yan'uwanki, ku kira malamin da ya san rabon gado da dillaliya mai amana wadda za ta yi wa kowane abu kuɗi. Za a fara biyan bashi idan akwai, sannan wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, sai a raba saura yadda aya ta 11 da ta 12 na Suratun Nisa'i suka tsara. Idan bayan haka magada baligai suka yarda a yi mata sadaka da kasonsu, madalla, amma kason yaro ƙarami ba a kyauta da shi.

Game da ƙamshin turaren nan, ba zan ce ki danne zuciyarki ba. Ki zaɓi zane ɗaya ko biyu cikin kasonki, waɗanda kika fi tuna ta da su, ki riƙa ɗaurawa ranar Juma'a ko ranar Salla. Atamfar da ta daɗe a ninke tana rauni a kan layin ninkin, ga gara da ɓera da laimar damina, kuma na taɓa ganin adakar da aka buɗe bayan shekaru, zanen sama lafiya lau, na ƙasa kuwa gara ta mayar da su gari.

Kayan aurenki kuwa naki ne, kuma na san nauyin da ke kansu, tun da iyaye sun sha wahala kafin su yi miki jere. Amma a cikin garin nan na Katsina akwai matan da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu na Batsari da Jibiya da Safana, waɗanda suka fito ba tukunya ba tabarma. Ki fitar da komai tsakar gida ranar da kike da sarari, ki ware abin da kike amfani da shi, sannan ki ba su mai kyau daga cikin sauran, domin aya ta 267 ta Suratul Baƙara ta hana mu zaɓen mara kyau mu bayar. Abin da ya fashe ko ya yi tsatsa, 'yan gwangwan za su saya a kan kilo.

Idan kika ci karo da tsofaffin magungunan Hajiya, kada ki ba kowa, ki zubar da su inda yara ba za su kai ba. Takardu masu ayoyi ki kai wa malam ya san yadda zai yi da su. Gadon ƙarfen kuma, in ya faɗo a kasonki, a yi masa fenti a saka a ɗakin da ya samu sarari, babbar 'yarki ta riƙa kwana a kansa.