Kada ka sa wa rigar mahaifinka almakashi

Ɗana, saƙonka ya iso ni bayan la'asar, na karanta shi sau biyu. Ka ce sanyin Ingila ya fara shiga, ka fito da rigar fatar nan ta marigayi mahaifinka, Allah ya jiƙansa, sai ka ci karo da wata mujallar kwalliyar maza da ta ce a bana rigar fata ta kirki sai baƙa, mai laushi, wadda ta kama jiki tsam, kuma mai faɗin kafaɗa irin ta da ta zama kayan tsofaffi. Kana tambaya ko ka kai wa tela ya rage ta ya rina ta baƙa, ko kuwa akwai wata al'ada da ta hana taɓa tufar mamaci.

Maganar al'ada gajera ce. Tufar mamaci tana cikin gado, an raba, ta faɗo a rabonka, ta zama taka. Babu abin da ya hana ka sa ta, ko ka kyautar, ko ka gyara. To amma ni baffanka, wanda ya yi shekara talatin da wani abu yana juya fata a hannu, ina roƙonka kada ka yanka ta.

Ranar da ya saye ta muna tare, a layin 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai, ana cikin hunturu mai tsanani. An kwance dila, ya zaro ta daga ƙasa, ya miƙo min ya ce in duba masa. Na murza gefen hannun, na kai hanci, na karkata ta ga rana. Ƙwayar fatar ta fito tsaf, 'yan ƙananan tsakuwoyi a jere kamar an yayyafa gero. Na ce masa akuya ce, saya. Fatar tunkiya ta fi taushi, shi ya sa masu mujalla suke son ta, don tana kwanciya a jikin wanda ake ɗauka hoto. Sai dai ƙusa ɗaya ta kama ta, ta yage kamar takarda. Akuya kuwa ba ta da nauyi, ga ƙarfi, kuma tana ƙara kyau da shekaru.

Ɗinkin rigar nan ba a banza aka yi shi haka ba. An kwaikwayi ta matuƙan jiragen yaƙin Amurka ne, wadda suke kira A-2, da sojojinsu suka tabbatar a 1931. Da fatar doki aka fara yin ta, daga baya lokacin yaƙin duniya na biyu aka haɗa da ta akuya da ta saniya. Duba bakin hannun da ƙugun, za ka ga saƙa mai naɗewa: an sa ta ne don iska kada ta kutsa wa mutumin da yake zaune a jirgi can sama. Gajartar da kake gani, wadda ta tsaya a ƙugu, don kada ta tattare masa idan ya zauna. Faɗin kafaɗar da mujallarka ta raina, shi ne yake ba mutum damar miƙa hannu gaba ba tare da bayan ya ɗaure shi ba, kuma ya sa rigar ulu a ciki. Kai da kake ƙasar da ake wata huɗu ko biyar ana ɗari, wannan sararin shi ne amfanin rigar a gare ka. Idan tela ya cinye shi, me za ka sa a ƙarƙashi a watan Janairu?

Haka ita ma ɗaya rigar, baƙar ta masu babur, wadda nake jin ita mujallar take nufi. Wani mai suna Irving Schott ne ya fito da ita a birnin New York a 1928, ya sa mata suna Perfecto. Zif ɗinta a karkace yake don gaban ya ninku biyu ya tare iska a ƙirji, hannunta da ɗan tsawo don mai riƙe da kan babur. Ita an yi ta ne ta kama jiki, saboda kada iska ta cika ta. Ka ga riguna biyu ne, kowace da aikinta. Wanda ya ce ka mayar da ta jirgi ta koma ta babur, bai san ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ban ce ka jefar da mujalla ba. Akwai abin koyo a cikinta, kamar yadda ake haɗa launi, da irin takalmin da ya dace da wane wando. Amma ka riƙa tuna inda abincinta yake fitowa. Talla ce take riƙe da ita, masu tallar kuwa sababbin kaya suke sayarwa. Ranar da ta ce maka rigar da ke jikinka ta isa, ka ci gaba da sa ta shekara ashirin, ranar ta rufe wa kanta kasuwa. Shi ya sa bana a ce matsattsa, baɗi a ce burmemiya. A idona aka yi wannan juyin fiye da sau biyu, har a wandunan samarinmu na nan gida.

Ga kuma abin da tela ba lallai ya gaya maka ba. Yadi yana yafe allura: ka farke, ka goge, ramin ya rufe. Fata ba ta yafewa. Duk inda allura ta bi, ramin yana nan har abada, kuma abin da aka yanke ba ya dawowa. Rinin ma haka. Wannan ja-ja da ya fito a gwiwar hannu da bakin aljihu, inda launin ya koɗe ya yi haske, hannun mahaifinka ne ya yi shi a hankali. Aljihun dama ya fi na hagu sheƙi, don nan yake ajiye goro da makullin shago. Idan aka shafe ta da baƙin fenti, duk wannan ya tafi, kuma fentin sama yakan fara tsagewa a wuraren lanƙwasa bayan ɗan lokaci. Kamfanoni a yanzu har gurza sabuwar fata suke yi don ta yi kama da tsohuwa, su sayar da tsada. Kai kana da ta gaske.

Wani abu kuma da nake so ka riƙe, tunda kana cikin mutanen da za su ɗauka fata sana'arsu ce. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi tana cikin mafi daraja a duniya. Shekaru aru-aru fatake suna ɗaukar jemammiyar fatarmu daga Kano su ƙetara Sahara da ita, Turawa su saya a bakin tekun arewacin Afirka su kira ta fatar Maroko. Har yau masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa suna aika fata Italiya da Sifen. Na tashi ina ganin majema suna jiƙa fata a ruwan toka don gashi ya saki, su kankare, su tsoma ta a ruwan bagaruwa, su shafe ta da mai, sannan dukawa su karɓa su rina da karan dafi. Ba zan ce maka fatar rigarka daga nan ta fita ba. Abin da nake cewa shi ne, jikan mutanen da suka san wannan aiki bai kamata ya jira mujalla ta gaya masa wace fata ce mai kyau ba.

Tunda ka ambaci al'ada, ga wadda ta fi cancanta ka kula da ita. Fatar da aka jeme a ƙasar da ba a san yadda aka yanka dabbar ba, malamanmu na Malikiyya sun ce ana amfani da ita amma ba a salla da ita, wasu mazhabobin kuma sun ce jima tana tsarkake ta. Mahaifinka cire ta yake yi ya ajiye a gefe kafin ya tayar da kabbara. Idan kuma wata rana za ka sayi wata, duba shafin ciki da bakin aljihu: in ka ga ƙananan ramuka uku-uku a haɗe, fatar alade ce, ka ajiye musu abinsu.

Abin da za ka iya gyarawa yana da yawa. Shafin ciki idan ya mutu a sa sabo. Saƙar hannu da ta ƙugu idan ta saki a canza, zif ma haka, amma wurin mai aikin fata, wanda zai bi tsofaffin ramukan allura. Idan ruwan sama ya dake ka, kada ka ɗora ta kan na'urar ɗumama ɗaki, za ta bushe ta ƙandare. Rataye ta a maratayi mai faɗi ta sha iska da kanta. Kada ka kulle ta a leda, fumfuna za ta kama ta. Sau ɗaya a shekara ka samo man shafa fata, ka gwada a wani lungu na ciki tukuna, sannan ka bi ta da tsumma a hankali, kaɗan-kaɗan.

Ka sa ta da rigar ulu a ciki, ka ɗauki hoto ka turo min, in nuna wa mahaifiyarka. Akwai wani ɗan tabo a bayan kafaɗar hagu, inda ƙarfen rumfar shago ya taɓa kama shi. Ka duba ka gaya min ko yana nan. Gwaggonka tana gaishe ka.