Yadda ake rage giya ƙafa na kan birki: dabarar diddige da yatsa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Shekara uku ke nan ina tuƙa mota mai giyar hannu, amma har yanzu idan na tunkari kwana na dawo da giya daga ta uku zuwa ta biyu, da zarar na saki kuloci sai motar ta fizga, gabanta ya duƙa. Na ga direbobin tsere suna taka birki da totur da ƙafa ɗaya, na gwada, amma ko dai birkin ya kuɓuce mini, ko kuma in danne shi fiye da kima. A ina nake yin kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ji daɗin wannan tambaya, domin ta nuna cewa kana sauraron motarka. Fizgar da kake ji tana faruwa ne saboda saurin juyin inji bai yi daidai da abin da giya ta biyu take bukata ba. A ce kana cikin giya ta uku, allurar juyin inji tana kan 2,000 a minti ɗaya. A motoci da yawa, idan ka shiga giya ta biyu a wannan gudun, injin yana bukatar ya kai wajen 3,000. Amma a lokacin da ka taka kuloci, ƙafarka kuma ba ta kan totur, juyin injin sauka yake yi. Da ka saki kulocin, tayoyi ne suke jan injin da ƙarfi har ya kai inda ya kamata, kulocin yana goguwa, motar tana duƙawa. A motar da tayoyin baya ne suke ja, wannan fizga tana iya sa bayan motar ya zame a kan jiƙaƙƙiyar hanya, shi ya sa ban ɗauki lamarin da wasa ba.

Maganin shi ne ka ba injin wuta kaɗan yayin da kuloci yake ƙasa, ya ɗaga juyinsa, sannan ka saki. Matsalar ita ce ƙafar dama tana kan birki a daidai wannan lokaci, don haka dole ta yi aiki biyu. Turawa suna kiran dabarar "diddige da yatsa", kuma sunan yana ruɗar masu koyo, domin ya fi dacewa da wasu tsofaffin motoci waɗanda totur ɗinsu yake a tsakiya, tsakanin kuloci da birki. A yawancin motocin yau, tudun da ke ƙarƙashin babban yatsa ne yake danne birki, sai ka karkatar da gwiwa da idon sawu, gefen ƙafarka na waje ya taɓa totur sau ɗaya ya dawo.

Kuskurenka, a ganina, shi ne kana son koyon komai a lokaci guda. Ka fara ajiye birki gefe tukuna. A miƙaƙƙiyar hanyar da babu kowa, ka taka kuloci, ka ba da wuta kaɗan, ka sa giyar ƙasa, ka saki kuloci, ka yi ta maimaitawa har sai giyar ta shiga ba tare da wanda ke zaune kusa da kai ya gyaɗa kai ba. Bayan haka ka tsayar da motar, ka ja birkin hannu, ka sa ta a firi, inji yana aiki. Ka danne birki da ƙarfi matsakaici, ka riƙa taɓa totur da gefen ƙafa kana kallon allura tana tashi tana sauka, hankalinka kuma yana kan abu ɗaya: kada nauyin da ke kan birki ya ƙaru ko ya ragu. A nan ne aikin yake, kuma a nan ya kamata ka fi daɗewa. Za ka lura cewa idan birki ya nutse sosai yakan zo kusan daidai da tsayin totur, wanda shi ne dalilin da ya sa dabarar ta fi sauƙi a filin tsere, ta kuma fi wuya a tuƙin cikin gari inda ake shafar birki a hankali. Takalmi mai siririn ƙasa, wanda ya kama ƙafa, yana taimakawa ƙwarai. Silifa kuwa ba ta da wuri a nan. Akwai sanannen bidiyon Ayrton Senna, direban tseren mota ɗan ƙasar Birazil, yana tuƙa Honda NSX a filin tseren Suzuka na Japan, kyamara tana nuna ƙafafunsa, kuma abin lura a ciki shi ne yadda taɓin totur ɗin yake gajere.

Ka kuma bincika motarka. Wasu motocin zamani masu totur na lantarki suna yanke wuta idan na'urarsu ta ga an taka birki da totur tare, wanda hakan kan hana injin amsawa yadda kake so. Wasu kuma suna daidaita juyin da kansu. Nissan 370Z ta zo da irin wannan tsari a 2009. Haka nan ba sai ka taka kuloci sau biyu a canjin giya ɗaya ba, domin wannan na tsofaffin akwatunan giya ne marasa zoben daidaita gudu, zoben da Cadillac ta fara sakawa a motocinta tun 1928.

Idan ka zo haɗa su a kan hanya, ka fara da giya ta huɗu zuwa ta uku, domin tazarar juyin da ke tsakaninsu ba ta da yawa, kuma ka gama canjin tun motar tana miƙe, kafin ka juya sitiyari. Idan wani abu ya gifta gabanka a tsakiyar gwajin, ka manta da totur gaba ɗaya, ka taka kuloci, ka mayar da dukan tafin ƙafarka kan birki.